Sunan 'Yar Fari

Ranar ƙarshe ce ta rajistar inshorar lafiya da ƙungiyar manoman Gozaki ta shirya wa 'ya'yanta a asibitin Malumfashi, kuma Mudi yana gona ana karyar masara. Shi ya sa ya tura matarsa Sakinatu, tare da mahaifiyarsa da ta ce lallai sai ta zo a duba mata gwiwa. Tsohuwar ta samu benci a bakin taga ta waje ta miƙe ƙafa, Sakinatu ta shiga layi.

Sai bayan azahar layi ya kai kanta. Ma'aikacin, wani Malam Zubair mai yawan duba agogo, ya yi mata bayani a gurguje. Akwai na mutum ɗaya, akwai na iyali: miji, mata da 'ya'ya huɗu da ba su kai shekara sha takwas ba.

"Na iyali," in ji ta. Ai tun a gida suka gama wannan shawarar.

"Sunayen yara."

"Kabiru. Sada. Fiddausi."

Nan bakinta ya tsaya.

"Su ke nan?"

Ta sunkuyar da kai. Shi kuwa ya ɗauka eh ce, ya buga takarda a na'ura ya miƙa mata, ya kira na gaba.

Ta kai bakin ƙofa kafin ƙafarta ta ƙi tafiya. 'Ya'yanta huɗu ne. Ta farin ce babu a takardar, kuma saboda ita aka yi wannan tafiyar tun farko. Shekararta goma sha biyar, tana da sikila. Duk lokacin da sanyi ya shigo sai ciwon ƙashi ya kayar da ita, a ɗauko ta a Keke Napep zuwa asibiti tana cizon mayafi don kada a ji kukanta.

To amma Sakinatu ba ta taɓa kiran sunan yarinyar ba. 'Yar fari ce, akwai kunya. Ga shi kuma sunan surukarta aka sa mata, abin ya zama biyu. Tun da aka yaye ta a ɗakin kaka take kwana. In Sakinatu za ta aike ta sai ta ce "ke", in za ta yi maganarta sai ta ce "yarinyar nan". Mutanen gari kuwa har yabonta suke yi, wai ga mace mai kunya irin ta da. Yau ga inda yabon ya kai ta.

Haushin kanta ya kama ta, haushi na gaske. Ta juya ta kutsa cikin layin, mata na ta "Baiwar Allah, lafiya?", har ta dafa teburin.

"Malam, akwai saura ɗaya."

"Hajiya, ai na tambaye ki."

"Ka tambaya. Ɗiyar fari ce."

Malam Zubair ya gane, don shi ma ɗan fari ne a gidansu. Amma na'ura ba ta san kunya ba. Ya ce suna take so.

Rahab maƙwabciyarsu, da ke bayanta a layi, ta leƙo don ta fitar da ita kunya. "Ummi ce, Malam. Sa Ummi."

"Shi ne a takardar haihuwa?"

Ba shi ba ne. Ummi laƙabi ne, kuma duk Gozaki da shi aka san ta.

"In suna ya saɓa da takarda za a sha wahala ranar da aka kai ta asibiti," in ji shi. "Ko ki rubuta mani?"

Sakinatu ba ta yi boko ba. Ta san za ta iya fita ta taso tsohuwa ta zo ta faɗa, ba wanda zai ga laifinta. Sai dai ita ta haifi yarinyar, kuma ita ta bari aka tsallake ta a takardar ɗazu. Ta gyara mayafi.

"Raudatu," ta ce, can ƙasa-ƙasa.

Janareta na ruri a bayan ɗakin. Malam Zubair ya kara hannu a kunne. "Mi kika ce?"

Ta ɗaga kai, ta buɗe murya yadda na ƙarshen layi ma ya ji.

"Raudatu! Raudatu Mudi!"

"Na'am?" aka amsa daga bakin taga.

Wasu mata suka toshe baki. Tsohuwar ta dafa ƙarfen taga ta leƙo, ta dubi surukar da shekara goma sha shida ba ta taɓa haɗa ido da ita ba. Yau Sakinatu ba ta sunkuya ba, ko da yake hawaye na bin fuskarta.

Hajiya Raudatu, surukar tata, ta juya ga ma'aikacin.

"To mi kake jira? Uwarta ta faɗa maka. Rubuta."