Safar Hannun Zdenka

Tun da Libuse ta mayar da teburin kicin wurin ɗaukar fim, mahaifinta Otakar bai sake cin abinci a zaune ba. A tsaye yake shan miyar kabejinsa. Tagar da yake leƙen titunan Prague ta cikinta ma an rufe ta da baƙin ƙyalle, wai kada hasken rana ya canza.

Irin fim ɗin nata sai mai haƙuri. A matsar da cokali faɗin gashi, a ɗauki hoto, a sake matsarwa, a sake ɗauka, idan an jera hotunan sai ka ga cokali yana tafiya da kansa. Dokar ɗaya ce, kada a taɓa komai. Otakar ya yarda da cokula, ya yarda da burodin da ya bushe ƙamas. Abin da ya hana shi sukuni shi ne safar hannun marigayiya matarsa Zdenka, wadda Libuse ta cusa wa waya a kowane yatsa ta kafa ta a tsakiyar tebur kamar gizo-gizo.

Ya shiga kicin ya fita, ya sake shiga. Ya tafi gidan giya, ya kasa gama kofi ɗaya. Ya yi mata ƙorafi, ta ce ya ƙara haƙuri. Ya ce haƙurinsa ma an soka masa waya.

Wata safiya da ta fita sayen kwan fitila, ya ɗauke safar. Ya zare wayoyin ɗaya bayan ɗaya, ya wanke ta, ya lallashe ta da tafin hannunsa, ya sa a aljihun rigarsa. Ransa ya yi sanyi, amma ba a daɗe ba.

Da Libuse ta dawo ba ta yi faɗa ba, wannan ne ma ya fi damunsa. Kujera kawai ta jawo masa.

"Zauna, Baba. Ka dai ga abin da ka kashe."

"Shirme na kashe, 'yar nan. Uwarki ba 'yar tsana ba ce."

Ta kunna fim ɗin. Cokula suka yi ta kokawa, burodi ya buɗe baki ya haɗiye wuƙa, har dariya ta kusa ƙwace wa Otakar. Sai ga safar ta miƙe. Ta share ɓurɓushin burodi da gefen ɗan ƙaramin yatsa, ta ƙwanƙwasa tebur sau biyu, yadda Zdenka take yi idan ya bar shayinsa yana hucewa. Ashe 'yar tasa tana lura. Daga nan safar ta nufi kofinsa, yatsu a buɗe, tana matsowa, saura kaɗan ta taɓa hannun kofin. Hoton ya tsaya.

"Sauran fa?"

Ta ce babu saura. Yadda yatsun suka lanƙwashe ba ya maimaituwa, ko an mayar da waya za a ga hannun ya yi tsalle, kowa zai gane wani ne daban.

Otakar ya ciro safar, ya ajiye ta kusa da kofin, ya yi ƙoƙarin tsayar da ita. Ta kwanta.

"Sake kunna mini," in ji shi. "Daga inda ta ƙwanƙwasa."