Fitilar Hannun Dama

A shekarar da kuɗin mai ya fara juya wa mutanenmu kai, ɗan Arewan da ke Landan ba shi da zance sai na mota. Wane ya yi odar Marsandi, wane ya tura Volvo biyu ta jirgin ruwa. Ana cikin wannan ne Murja, wadda ta zo koyon aikin ungozoma a babban asibitin Camberwell, ta je ta sayo babur. Babur fa, mai ƙafa biyu, kuma na hannu.

Ba don yawon Landan ta saya ba. Ƙarshen hunturu za ta koma gida, an riga an ba ta ɗakin shan magani a wani ƙauye bayan Dutsin-Ma, inda damina ke cinye hanya har mota ta kasa shiga. Ta kuma san naƙuda ba ta jiran gari ya waye. Za a buga mata ƙofa cikin duhu, dole ta hau ta tafi. Fitilar da babur ɗin ya zo da ita kuwa abin haushi ce, ja-ja da ita, aci-balbal ma ta fi ta. Da irin wannan ba ka ganin rami sai ka faɗa cikinsa.

Sai ta tura shi wajen Choji, wani bakanike mutumin Jos da ke da gareji a ƙarƙashin gadar jirgin ƙasa. Ya ɗauko mata sabuwar fitila mai farin haske, irin wadda 'yan tseren mota suka fara yayi.

"Iri biyu ce, Sista," in ji shi. "In kin yi dim, wato kin sauke hasken ƙasa, ta nan ƙasar tana karkata haske hagu, wajen bakin titi. Ɗayar kuma dama take karkatawa. Wacce zan sa?"

"Tun bara aka koma tuƙi ta hannun dama a gida. Sa mini ta gida."

"To kada ki hau shi da duhu a garin nan. Idon masu tahowa za ta shiga."

Ta ce ta ji. Ya canja waya da makunni, ya ɗaura fitilar.

A flat ɗin yayanta Maharazu take zaune. Gwamnatin jiharsu ce ta turo shi sayen kayan aiki, kuma shi ke da babban akwatin katako da za a loda a jirgin ruwa. Hanya ɗaya ke nan da babur zai isa gida. Mutum ne mai tattalin sunansa kamar ƙwai, yana jiran ƙarin girma. Tun farko bai so babur ɗin ba. Ya ce ƙanwarsa a kan babur cikin jeji abin magana ne, ta bari ya nema mata aiki a Kaduna, ya haɗa mata da ƙaramar mota. Da ƙyar ya yarda zai saka shi a akwatin, bisa sharaɗin kada ya ji wata fitina.

Abin da ya dami Murja shi ne ba ta san ƙarfin fitilar ba. Yaya za a gwada fitila a garin da ba ya duhu? Kowane lungu da tasa fitilar titi, sama ma ja take. In ta kunna a gareji, bango kawai take gani ya yi fari. Ita kuwa ba ta son sai tana tsakiyar jeji, mace na jiranta a kan gwiwa, sannan ta gane an sayar mata da kwalliya.

To, man da ya azurta mu shi ya sa Turawa a gaba a hunturun nan, ga masu haƙar kwal sun tayar da ƙayar baya. Aka shiga tsimin lantarki. Wata ranar, bayan la'asar kaɗan, gari ya riga ya rufe irin na hunturunsu, sai wutar unguwar ta ɗauke ɗif. Maƙwabta suka hau lalube suna neman kyandir. Murja ta leƙa taga, ta ga duhu na gaske, irin na gida, wanda rabonta da shi tun zuwanta. Daɗi ya kama ta. Maganar Choji kuwa ta bi iska.

Ta ɗaura hular kwano a kan ɗankwali, ta buga babur, ta hau titin da ke haurawa tudu. Da ta kunna fitilar sai da ta yi dariya ita kaɗai. Haske ya tafi fetal, tana ganin kwandon shara da kyanwar da ke kansa tun daga nesa, tana ganin tsagar kwalta. Wannan ko maciji ne ya gitta za ta gan shi. Zuciyarta ta kwanta a karon farko.

Sai ga wata ƙaramar motar kaya ta taho. Murja ta yi dim kamar yadda aka koya mata, hasken ya karkata dama, ya sauka cikin idon direban. Mutumin ya kare fuska da hannu, motar ta hau dakalin titi ta kwashe kwandunan sharar wani gida. Ba wanda ya ji ciwo, amma ƙarar ta fito da rabin layin waje, har da ɗan sanda da tocilansa.

Ɗan sandan bai yi mata tsawa ba. Ya duba fitilar, ya ce wannan ba ta hanyarsu ba ce, ko ta cire ta ko babur ya daina hawa titi. Ya tambayi inda take zaune, ya kuma rako ta har ƙofa tana tura babur. Maharazu ne ya buɗe, da kyandir a hannu. Ya ga hular ɗan sanda a bakin ƙofarsa, maƙwabta na kallo.

Da suka shiga, Maharazu ya juyo gare ta.

"Ɗan sanda a ƙofata, Murja. Sunana a bakinsa."

"Na yi kuskure, Yaya. An gargaɗe ni, ban ji ba. Ba zan ƙara hawansa a nan ba."

"Ba za ki ƙara hawansa ko'ina ba. Na yi cancel, ba ya shiga akwatina. In kin sauka Kano akwai mota tana jiranki, aikin Kaduna ma na yi magana."

"Matan ƙauyen fa?"

"Kafin a haife ki suna haihuwa."

Wannan maganar ta yi mata zafi ƙwarai, don su biyun sun san yadda ake haihuwar, sun kuma san nawa ake binnewa. Ta so ta yi kuka, ta hana kanta. Ba ta roƙe shi ba, don ta san yayanta: in ka roƙe shi, ƙara hawa yake.

Washegari ta tura babur ɗin har garejin Choji. Ya zaci tsohuwar fitilar za a mayar.

"Kwance mini sabuwar," in ji ta. "Da wayarta da makunninta, kada ka bar ko noti ɗaya. Babur ɗin ka nema masa mai so."

"Sista, fitila ba babur?"

"Irinsa na nan a Kano. Ita ce babu."

Ta yi kewar babur ɗin, ba ƙarya, a kansa ta koyi tuƙi. Amma ba ta waiwaya ba.

Ranar da za ta tafi, Maharazu ya shigo ɗakinta ya tarar da leshi da takalma da turarukan da ya ba ta ta kai wa surukansa tsaraba an jere su a kan gado, an ninke tsaf. Jakar jirgi nauyinta ƙayyadadde ne, kowa ya sani. A tsakiyar jakar, inda kayan nan suke a da, wani abu mai faɗin kwano na naɗe cikin zannuwanta.

"Kin san abin da za a ce da ni in kin isa hannu biyu?"

"Na sani, Yaya. Akwai wuri a akwatinka yanzu, sai ka saka su."

"In kin wuce ƙauyen nan, kada ki neme ni."

Ba ta taɓa kwana da fushinsa ba tun rasuwar mahaifinsu. Ta ɗora gwiwa a kan jakar, ta danne, ta ja zif har ƙarshe.

"Allah ya huci zuciyarka," in ji ta. "Zan hau bas zuwa filin jirgi."