Ƙugun Janar Gatari

Ranar Juma'a da ƙarfe goma na safe za a yanke wa Dale Zammit hukunci, kuma kowa a ɗaki na shida na asibitin ya san da haka, har shi Dale ɗin da ba ya iya cewa komai sai "to" da "a'a". Wata biyu ke nan da hawan jini ya buge shi a garejin da yake kanikanci, ya shanye masa ɓarin dama, ya tafi da maganarsa. Idan ya nuna cewa hannunsa na iya bin aiki daki-daki daga farko har ƙarshe, za a ƙara masa mako shida a sashen gashi. Idan ya kasa, gadon na wani ne, shi kuma a kai shi gidan kula da gajiyayyu can bayan Gawler, inda ƙaramin cikinsu ya girme shi da shekara talatin.

Bronwyn, malamar da ke koya wa hannunsa aiki, ta gwada shi da haɗa shayi, ta gwada shi da ɓalla maɓallin riga, duk sai ya kau da kai. Ƙarshe ta ce wa matarsa Leanne, "Ku kawo masa abin da hannunsa ya sani tun yana yaro. Wani lokacin hannu yakan tuna abin da kai ya manta."

Leanne ko tunani ba ta yi ba. "Jirgin nan nasa na wasa. Yana wurin Yaya Clint."

Clint, yayan Dale, ma'aikacin gidan waya ne, amma wannan aikin neman abinci ne kawai. Ainihin rayuwarsa tana ɗakin baya na gidansa a Salisbury, inda ya toshe taga da labule mai kauri don kada rana ta koɗar da roba, ya jera mutum-mutumi fiye da ɗari uku a kabad ɗin gilashi, irin waɗanda ake lanƙwasawa su koma mota ko jirgi. 'Yan Garkuwa a dama, 'Yan Tsatsa a hagu, kamar yadda suke gaba da juna a katun ɗin talabijin na safiyar Asabar. Shi ne sakataren ƙungiyar masu tara su ta Adelaide, kuma ba ya taɓa ko ɗaya sai da farar safar hannu. In ka ga ƙato mai gemu da tumbi yana share ƙurar abin wasan yara da burushin kwalliyar mata, ka riƙe dariyarka, don shi ba wasa yake yi ba.

A Kirsimetin 1986 babansu ya shigo da kwali biyu. Clint ne babba, ya zaɓi shugaban 'Yan Garkuwa, ya bar wa ƙanensa Janar Gatari, shugaban mugaye, wanda ke rikiɗa ya koma kan jirgin ƙasa. Daga ranar doka ta kafu a kan kafet ɗin falo: Clint ke cin yaƙi, Dale ke shan kashi. Dale bai taɓa ƙorafi ba. Cewa yake 'Yan Tsatsa sun fi zuciya, ana lallasa su kowace Asabar, Asabar ta gaba kuma ga su sun dawo. Ya iya juya Janar ɗin idonsa a rufe, mataki ashirin da biyu. Da uwarsu ta rasu aka kwashe kayan gida, sai Clint ya ɗauke shi wai ajiya. Shekara goma sha tara ke nan, ajiyar ba ta ƙare ba.

Matsalar a ƙugu take. Da wata roba mai ruwan zinare aka yi ƙugun Janar da kafaɗunsa, ita kuwa in ta tsufa kamar biskit take komawa, ɗan matsi kaɗan sai ta marmashe. Shi ya sa dokar farko a ƙungiyar ita ce ba a juya mai zinare. A yadda ka same shi, haka zai zauna har abada. A duk jihar Janar Gatari uku ne suka rage ba karaya, kuma na kabad ɗin Clint ya fi sauran lafiya.

Sai Clint ya yi abin da duk wani ɗan ƙungiyarsu zai yi ya ce dabara ce. Ya ɗauko sabon bugu, wanda aka sake fitarwa shekarun baya da roba mai ƙwari, ya goge shi, ya kai asibiti ranar Laraba. A ido ba ka iya raba su.

"Ga mutuminka, sarkin shan kashi," in ji shi, ya ajiye a kan tebur.

Fuskar Dale ta buɗe. Hannun daman da ya yi wata biyu a kwance kamar tsumma ya ja kansa zuwa tebur. Leanne ta dafe baki. Dale ya ɗora babban yatsa a ƙirjin Janar ya fara murzawa, don tsohon yana da wata baƙar sitika wadda ɗumin yatsa ke fito da tambarin 'Yan Tsatsa a jikinta. Sabon kuwa fenti ne kawai. Ya murza, ya sake murzawa. Sannan ya ɗago ya dubi yayansa.

Clint ya mai da ido kan taga.

Duk da haka Dale ya fara. Ya naɗe hannayen Janar baya, ya juya ƙirji, ya zo tura kai ciki, kai ya ƙi shiga. Ya tura, ya ƙi. Clint ya san dalili sarai: a sabon bugu kai ake fara turawa kafin hannaye, an sauya tsarin. Hannun Dale daidai yake bi, abin ne ba nasa ba. Gumi ya karyo wa Dale, numfashinsa ya yi sama, daga ƙarshe ya share tebur da hagunsa, Janar ya faɗi ƙasa ko ƙwarzane bai yi ba.

Bronwyn ta rubuta wani abu a takardarta. "Ya tsaya a mataki na uku," ta ce a hankali. "Ba zan ɓoye muku ba, in haka ya yi jibi, ba ni da abin da zan kai wa likitoci."

Kalma ɗaya ta isa Clint ya gyara zancen. Bai faɗe ta ba.

A wurin ajiye motoci Leanne ta tare shi. Zafin Fabrairu ya narka kwalta har tana kama takalmi.

"Yaya Clint, wannan ne nasa?"

"Iri ɗaya ne ai."

"Ba abin da na tambaye ka ke nan ba."

"Leanne, ba ki gane ba. Wancan in aka juya shi karyewa zai yi. Ba wai ƙila ba, tabbas. A mataki na sha bakwai ƙugun zai tafi. To in ya karye a hannunsa a gaban malamar fa? Ba mun ƙara jagula abin ba?"

"Au, don shi ka yi ke nan." Ta gyaɗa kai. "Shekara ashirin da ɗaya ina aure a gidanku, ban taɓa jin ya ce ka dawo masa da shi ba. Ka san abin da yake cewa? Wai ka fi shi buƙata. Je ka, ka gaishe da kabad ɗinka."

Ta shiga mota ta bar shi tsaye da leda a hannu.

Ranar Alhamis bai je aiki ba. Ya zauna a ɗakin baya da kwalin kofi mai sanyi har ya ɗumame bai sha ba, yana kallon Janar Gatari a saman layin hagu, gatari a ɗage, ƙugu na walƙiya. Abin kunyar shi ne maganar da ya faɗa wa Leanne gaskiya ce, zai iya karyewa a gaban Bronwyn, komai ya lalace. Amma ba ita ce ta sa ya kai sabon bugu ba, kuma ya san haka. Tsoro ya ji, tsoron gurbin da zai zauna fayau a kabad, ya kuma ji ƙyamar kansa da har wannan ya hau sikeli ɗaya da ƙanensa.

Juma'a goma saura kwata ya shiga ɗaki na shida da akwatin takalmi cike da auduga. Leanne ba ta gaishe shi ba. Bronwyn na zaune da takarda da agogo, an ɗaga wa Dale gado, an jawo masa tebur.

"Malama, kafin a fara," in ji Clint. "Na shekaranjiya ba nasa ba ne. Tsarinsa daban ne. Daidai ya yi, ni na cuce shi."

Bronwyn ta dube shi ta saman tabarau. "Wannan fa?"

"Wannan nasa ne. Sai dai tsoho ne, yana iya karyewa."

"Ni ba lafiyar abin wasa nake dubawa ba. Ya fara, ya bi, ya gama. In ya tsaya ya wuce minti ɗaya, dole in rubuta ya tsaya."

Clint ya sa farar safa ya ɗago Janar, ya ajiye shi a tsaye. Dale ya kai babban yatsa ƙirjin ya murza. Da farko ba komai. Can sai wani ja-ja mai duhu ya fara bayyana, gatari biyu a giciye, dishi-dishi kamar tsohon tabo. Dale ya yi wani sauti a maƙogwaro.

Hannaye baya. Ƙirji ya juya. Kai ya shige ciki da ɗan ƙas, ba gardama. Clint na ƙirgawa a zuci. Huɗu, biyar. Yatsun dama suna karkarwa, biyu daga ciki ma ba sa lanƙwasuwa, amma sun san hanya. A na tara kafaɗar zinare ta yi ƙara, wani farin layi ya fito a jikinta, Clint ya ji kamar a haƙorinsa. Ta riƙe. Sha ɗaya, sha biyu, bututun hayaƙi ya fito daga baya. Gatari ya kwanta ya zama ƙarfen gaban jirgi. Sha biyar. Sha shida.

Dale ya kama ƙafafun biyu zai murɗa ƙugu. Hannun Clint ya ɗaga da kansa zai hana, ya kama shi da ɗayan ya mayar cinya.

Ƙarar ba ta da yawa, kamar an taka busasshen ganye. Ƙugun ya rabe uku, ƙafar hagu ta gangara ta faɗa cikin bargo, garin zinare ya watsu a kan tebur.

Dale ya tsaya.

Bronwyn ta dubi agogo. Leanne ta runtse ido. Dale ba ƙafar yake kallo ba, Clint yake kallo, kuma Clint ya gane kallon, shi ne na yaron da ya fasa wa yayansa kaya yana jiran duka. Daƙiƙa ashirin suka wuce. Talatin. Bakin biron Bronwyn ya sauka a kan takarda.

"Me ka tsaya kallona?" in ji Clint. "Yaushe ka taɓa ganin Ɗan Tsatsa ya koma gida da ƙafa biyu? Ci gaba, malam. Saura biyar."

Gefen bakin Dale mai motsi ya ɗan ɗaga. Ya naɗe ƙafar da ta rage a ƙarƙashi. Ya zo wurin wadda babu, yatsunsa suka yi motsin naɗe ta a iska, suka wuce. Ya fito da tayoyi, ya rufe murfin gefe, ya danna rufin har ya ce ƙas. Kan jirgin ƙasa ya zauna a kan tebur, ya karkata hagu, ba tayoyin baya na gefe ɗaya.

Bronwyn ta daɗe tana rubutu. "Ashirin da biyu?" ta tambaya.

"Ashirin da biyu," in ji Clint.

"To, zan kai musu. Ku shirya ganin fuskata mako shida."

Leanne ta fita da sauri, aka jiyo kukanta a baranda. Clint bai san abin da zai yi da kansa ba, sai ya koma ga abin da ya saba. Ya share garin zinaren cikin tafin safarsa, ya tsinto ƙafar daga bargo ya kwantar a auduga, ya buɗe akwatin sosai, ya kai hannu zai ɗauki jirgin.

Hannun daman Dale ya sauka a kan jirgin. Ba ƙarfi a riƙon, ko yaro zai iya ɓamɓare shi. Leɓunansa suka yi ta kokawa, jijiyar wuyansa ta tashi, ya gwada sau biyu iska kawai ta fito.

"Ka… kayana."

Clint ya tsaya a sunkuye, hawaye na bin gemunsa.

"Naka ne," ya ce. "Tun asali naka ne."

Ya zare farar safar ya cusa a aljihu, ya ciro ƙafar daga akwatin da hannunsa tsirara, ya ajiye ta kusa da jirgin, inda Dale zai iya kaiwa.