Tabon Kofin Shayi

Teburin da Madam Khalida ta kawo shagon kafintocinmu da ke unguwar Ulaisha, a nan ƙasar Larabawa, na marigayi mahaifinta ne. Ƙirar shekarun sittin ce: samansa kamar ƙwayar wake, ƙafafunsa sirara a karkace kamar na barewa. Ita ce ke zana mana kaskon turare da farantan katako da muke sassaƙawa, ta sayar a kantinta na unguwar Murabba. Rabin aikinmu daga hannunta yake fitowa. Ƙafa ɗaya ce ke rawa, ita kaɗai ta ce a gyara.

Mukhtari, ɗan Maraɗin da muke aiki tare, ya gama da ƙafar kafin azahar. Sai ya tsaya yana kallon saman teburin. A gefe guda akwai tabo, zobba masu duhu, wani kan wani.

"Malam Ghali," ya ce da ni, "a garinmu in ka kai wa tela riga ya ga maɓalli ya faɗi, sai ya jira ka roƙe shi?"

Ya kankare wurin tas, ya shafe saman da banish, man ƙyallin katako, mafi kyau da muke da shi. Kyauta ce ya yi mata.

Da ta zo ɗauka, ta daɗe tana shafa gefen da tafin hannu.

"Ina wurin Baba?" ta tambaya da Larabci. "A nan yake ajiye kofinsa bayan la'asar, tun ba a haife ni ba."

Ba ta ɗaga murya ba. Ta fita ta bar teburin.

Mai shagon, wanda shi ne kafilinmu mai ɗauke da nauyin zamanmu a ƙasar, bai ja magana ba. Iƙamar Mukhtari, wato takardar izinin zamansa, za ta ƙare a ƙarshen wata. In Madam ba ta karɓi teburinta ta dawo mana da aiki ba, ba zai sabunta ba. 'Ya'yan Mukhtari biyu suna makaranta a gida da guminsa.

Washegari bayan la'asar na sami Mukhtari ya dafa shayi, ya ɗora kofin a daidai wurin, ya zauna yana gadi.

"Tsohon nan da kofi ya yi shi," ya ce. "Ni ma ga kofi."

"Shi shekara da shekaru ya yi."

"To ai ni na fi shi gaggawa, Malam."

Muka yi dariya, gajeriya.

Kullum haka. Ya gwada shayi mai tafasa, ya gwada jiƙa gindin kofin. Na ce ko ya kankare banish ɗin ya zana zobban da kala. Ya girgiza kai.

"Ta san hannun ubanta. In na zana, na yi mata ƙarya a kan mamaci."

Nakan ja kujera in zauna kusa da shi, yana ba ni labarin gonar gero da ya sayar ya zo nan, ni ina saurare.

Ran da mai shagon ya ce wa Mukhtari ya fara haɗa kayansa, sai da Mukhtari ya sake ɗora kofin. Muka jira har shayin ya huce. Ya ɗaga. Ɗan gumi ne a wurin, muna kallo ya bushe, katakon ya koma yana ƙyalli.

"Ka ga aikina," ya ce a hankali. "Ko tabo ba ya kamawa."