Ruwa Bai Karanta Takardar Roi Ba

Ƙarfe takwas na safiyar Alhamis Roi ya miƙo min takardar tsarin yini a bakin tashar jiragen ruwa ta Coruña, a arewacin Sifen. Na duba sau ɗaya na ce masa ba za ta yiwu ba.

"Gwaggo, don Allah kada mu fara," in ji shi. "Ko kofi ban sha ba."

"To je ka sha, ka dawo ka gyara wannan shirmen."

Roi ɗan ƙanena ne, kuma shi ne maigidana a wurin aiki. Ya yi karatu a Madrid ya dawo ya buɗe ɗan kamfanin yawo da baƙi: bas biyu, ofis mai taga ɗaya, ma'aikata shida. Ni ce ta shidan. Shekara ashirin da biyar na yi ina tonon ameixa, 'yan ƙumbar nan da ke ɓuya cikin taɓon bakin teku, har gwiwoyina suka ce sun gaji. Da yake ina budurwa na yi wankin zannuwan gado a otal-otal na Landan, Turanci ya zauna min a baki, sai Roi ya rataya min katin kamfani a wuya, ya ba ni kujerar gaba da makirfo. Shekarata sittin da ɗaya. Babu wanda zai sake ba ni irin wannan kujera, kuma ina son ta, ba zan ɓoye ba.

Ga jirgin 'yan yawon buɗe ido nan a bayanmu, fari fat, ya fi duk benayen bakin tasha tsayi. Mutum arba'in da takwas daga cikinsa sun sayi tikiti don su taka yashi a bakin tekun As Catedrais, inda ba a shiga sai ruwa ya janye, su ratsa ƙarƙashin ƙofofin dutsen nan da teku ya sassaƙa. Takardar ta ce mu tashi ƙarfe tara, mu isa goma da rabi, a yi yawo cikin ƙofofi har sha biyu, a ci abinci wurin Erundina mai gidan abinci a garin Ribadeo, a dawo jirgi kafin huɗu da rabi.

Na ce, "Daga ina ka samo goma da rabi?"

"Haka muka yi ranar Asabar, kowa ya yaba."

"Asabar! Yau Alhamis, ɗan nan. Kullum janyewar ruwa sai ta ƙara latti kusan awa guda, ko karen unguwarmu ya san wannan. Yau sai ƙarfe uku zai gama janyewa. Goma da rabi yana can yana dukan matakalar sauka."

Sai da na matsa masa ya faɗi gaskiya. Ashe tun hunturu ya aika wa masu jirgin tsari guda ɗaya tak na duk shekara, ranar Asabar sa'a ce kawai ta haɗa shi da ruwan. Jikan uwata! Matar da ko agogo ba ta taɓa ɗaurawa ba, wata take kallo ta ce muku ku ɗauko bokiti. Na ji kunya ta kama ni kamar ni na yi.

"To ka je ka gaya wa mutanen jirgi a juya tsarin," na ce.

"In ce musu me? Duk abin da na aika musu ba daidai ba ne? Yau ɗin nan za su soke kwangilar." Ya rage murya. "Ki kai su su leƙa daga saman dutse. Daga sama ma akwai kyau. Ba su san bambanci ba, Gwaggo."

Wannan maganar ce ta ɓata min rai fiye da kuskuren. Mutane sun baro ƙasarsu, rana ɗaya ce da su a nan, mu kai su su kalli kumfa mu ce musu sun gani?

"An hana taɓa tsari sai da izinin jirgi a rubuce," in ji shi. "In kika taɓa, ba zan iya kare ki ba. Kujerar ce za ta tafi."

Na ce masa na ji. Ban ce na yarda ba.

Telmo ne direba, sa'ana ne, tare muka yi firamare. Muna fita gari ya kalle ni ta gefen ido.

"Dosinda, wannan fuskar na san ta. Wa za a binne yau?"

"Kai dai riƙe sitiyari."

"Ke dai da fitina. Ina da jikoki fa."

"Ba ruwanka. In an tambaya ka ce tsohuwa ce ta yi maka ihu."

"Ai ba ƙarya zan yi ba," in ji shi.

Na kira Erundina na ce abinci sha ɗaya da rabi nake so. Sai da na janye wayar daga kunnena.

"Sha ɗaya da rabi? Asibiti kika ga na buɗe? Wa yake cin abincin rana a wannan lokacin? Empanada, burodin nan mai nama a ciki, tana cikin tanda, kifin miya ko wanke shi ba a yi ba!"

"Ingilawa ne, 'yar uwa, ko yaushe aka ajiye musu ci suke. Ki taimake ni, ruwa ne."

Ta yi tsaki mai tsawo. "Wa ya rubuta tsarin?"

"Roi."

"Tabɗi. Madrid ta gama da shi. Ku zo sha biyu saura kwata, kada kuma wanda ya ce min shinkafa ba ta nuna ba."

Daga nan na ɗauki makirfo na gaya wa baƙin gaskiya, cewa za mu juya yinin, abinci farko, yashi daga baya, saboda teku bai ba da hanya ba tukuna. Ban ambaci sunan kowa ba. Wani dogon mutum a kujera ta uku, mai ƙaton agogo, ya ɗaga takardarsa sama.

"Madam, nan an rubuta goma da rabi."

"Na gani, yallaɓai. Ruwan ne bai karanta ba."

Wasu suka yi dariya, shi bai yi ba. Ya ce zai kai ƙara. Na ce ya rubuta sunana daidai, Dosinda, na ma harhaɗa masa baƙaƙen.

Goma da rabi cif na sa Telmo ya tsaya a saman dutsen, na ce kowa ya sauko minti biyar. Na kai su bakin matakalar da ake bi a sauka. Rabinta na ƙasa babu ita, ruwa ya cinye. Igiya ta zo ta daki dutse, feshin ya jiƙe wa mai agogo gilashin ido. Yashi ko tafin hannu ba a gani, ƙofofin kuwa sai kawunansu can nesa.

"Ga goma da rabinku nan," na ce. "Wanda yake so ya sauka, ga hanya."

Suka koma bas salin-alin.

A Ribadeo Erundina ta ciyar da su tana zagina da yarenmu tana yi musu murmushi. Suka cinye empanada tas, har da neman ƙari. Na zaga da su gari, na nuna musu gada da tsoffin gidajen waɗanda suka je ƙasar Kyuba suka dawo da kuɗi, ina ta jan lokaci. Wayata tana ta kuka cikin jaka. Sau bakwai Roi ya kira, a na takwas na ɗauka.

"Gwaggo, kuna ina? Na'urar bas ta nuna kuna Ribadeo!"

"To ka san inda muke ke nan."

"Kin kashe ni. Ki juyo da su yanzu, na roƙe ki."

"Zan juyo da su in sun taka yashi."

Na kashe wayar gaba ɗaya. Abin ya yi min ciwo, gaskiya, don ni na goya yaron nan lokacin da uwarsa take aikin gwangwanin kifi.

Biyu saura kwata muka koma. Ruwan ya ja, amma ba kamar yadda nake so ba. Wata ya fara raguwa, kuma in ya ragu ruwa yakan yi nawa, ba ya janyewa da nisa. Mun samu yashin farko, amma manyan ƙofofin suna bayan wani hancin dutse, ruwa yana kai wa cinya a wurin. Na tsayar da su. Mai agogo ya zo ya tsaya kusa da ni yana kallon hannunsa.

"Yaushe?"

"Biyu da minti ashirin."

"Kin tabbata?"

Na zuba wa wani baƙin dutse ido, wanda ganyen teku ya lulluɓe, don in ya fito fili hanya ta buɗe. Telmo yana sama yana nuna min agogonsa da hannu biyu kamar mai kiran kaji. Biyu da ashirin da biyu dutsen ya fito.

"A cire takalma!" na yi ihu.

Kai, da kun ga mutanen nan. Tsofaffi masu furfura sun naɗe wando, suna tsalle cikin ruwan sanyi suna ƙara. Muka zaga hancin dutsen, sai ga ƙofofin a jere, ɗaya bayan ɗaya, kowace ta fi ƙofar cocinmu tsayi, ruwa yana ɗiga daga samansu. Na zo wurin nan ya fi sau ɗari, amma har yau sai na ji tsigar jikina ta tashi. Mai agogo ya ɗaga kai sama, baki buɗe, takardarsa ta jiƙe a aljihu.

Uku saura kwata ya kamata mu tashi. Sai dai akwai wata tsohuwa mai sanda da ta tsaya a baya, ta ce min ita ta haƙura, daga nan ma ta hango. Na ce ba ta isa ba. Na ba ta kafaɗata, gwiwarta ba daɗi, tawa ba daɗi, muka ja juna har ƙarƙashin ƙofa ta farko. Ta ɗora tafin hannunta a jikin dutsen ta daɗe ba ta ɗauke ba. Ban iya ce mata ta yi sauri ba. Uku da minti goma bas ya tashi.

Duk hanya Telmo ya taka mota yadda ban taɓa ganin ya taka ba. Duk da haka, da cunkoson motocin shiga gari, sai biyar saura kwata muka shiga tasha. Jirgin ya jira, da yake nasu ne yawon, amma an riga an janye matakala ɗaya, ga wani jami'i mai fararen kaya tsaye da allon rubutu, fuska a murtuke. Baƙin suka sauka da yashi a ƙafafunsu suna riƙe hannuna ɗaya bayan ɗaya. Mai agogo ma ya miƙo nasa.

Roi ya ja ni bayan bas. Idanunsa sun yi ja.

"Yana son bayani a rubuce, yanzu," in ji shi. "Gwaggo, ki saurare ni. Zan rubuta cewa kin rikice ne, kin karanta jadawalin ruwa ba daidai ba, kin zaci da safe ba a shiga. Kuskuren tsufa. Ki sa hannu, su yi min faɗa, magana ta mutu. Talata ki hau kujerarki. Tsarin kuma zan gyara shi a hankali, na rantse."

"Ni na rikice da ruwa?"

"Takarda ce kawai. Wa zai karanta?"

"Ni zan sa hannu, ni na karanta ke nan."

"To in rubuta laifina ne? Telmo ya rasa aiki, da sauran duka? Haka kike so?"

Na leƙa ta gilashi. Telmo yana zaune ya kifa kai a kan sitiyari. A'a, ba haka nake so ba. Amma shekara ashirin da biyar mata suna ƙwanƙwasa min taga suna tambaya yaushe za a fita, ban taɓa sa ruwa ya rutsa da ko mutum ɗaya ba. Ba ni da gida nawa, ba ni da digiri. Wannan sanin shi ke nan abin da na tara.

Na ce, "Rubuta cewa ka ba ni tsari na ƙi bi. Ka kira ni na kashe waya. Tsohuwa ce mai taurin kai, ka kore ta. Duk gaskiya ne, ba sai ka ambaci hunturu ba."

"Gwaggo, in na rubuta haka ba za su yarda ki sake hawa motar baƙinsu ba. Ba zan iya mayar da ke ba."

"Na sani."

"Don Allah ki yi tunani."

"Tun ƙarfe takwas nake yi. Kawo biro."

Ya rubuta a jikin bas, na karanta layi-layi don kada ya soka min rikicewa a ciki. Na sa hannu. Na cire katin daga wuyana na saka masa a aljihun riga, na gyara masa kwala, don ta karkace tun safe. Sai ya fashe da kuka, ƙato da shi, a gaban jami'in jirgi.

Na shiga bas in ɗauki jakata. Makirfo yana nan a kan kujera inda na bar shi. Na naɗe wayarsa yadda na saba, na rataye shi a ƙugiyarsa. A nan ne abin ya soke ni, sai da na dafa ƙarfen ƙofa.

"In sauke ki a gida?" in ji Telmo.

"Motar ma'aikata ce," na ce. "Zan bi ta haya."