Malamin Tuƙi a Tseren Falo

Shekara goma sha tara Malam ya yi yana koya wa mutane tuƙin mota, har waɗanda suka girme shi ma Malam suke ce masa. Da yara suka sami hutun makaranta sai ya ɗauki sati biyu don ya miƙe bayansa, saboda kujerar gefen direba ta gama cinye masa ƙugu. Ranar farko sai ga ƙanin matarsa, wanda duk gidan ke kira Kawu, da jakar kaya da wani kwali. Na'urar wasan bidiyo ce a ciki da rimot huɗu. Kafin a kawo masa ruwan sha ya jona ta da talabijin.

Wasan tseren motoci ne. Mota takwas ke tashi, huɗu na mutanen gida, sauran na'urar ke tuƙa su. Kawu ya miƙa wa yayarsa rimot, ya ba Auta, 'yar Malam mai shekara bakwai, sannan ya juyo.

"Malam, ga naka. Ka tausaya mana dai, mu ba mu da lasin."

Malam ya karɓa yana murmushi, ya gyara zama a kushin. Da aka tashi ya kama hannunsa, ya rage gudu kafin kwana, ya bar tazara tsakaninsa da ta gaba.

"Ina sigina?" ya tambaya.

"Baba, babu sigina," in ji Auta. "Ka danna jan maɓallin nan kawai, kar ka saki."

Auta ta zo ta ɗaya. Matarsa, wadda sau ɗaya tak ta taɓa yarda ya koya mata tuƙi suka dawo gida ba sa magana, ta zo ta biyu, ita da tun farko take gogar bango har tartsatsi na tashi. Malam ya zo na ƙarshe. Sai da aka zauna jiransa ya ƙarasa.

"Wannan ba tuƙi ba ne, hauka ne," ya ce. "Ke da a titi ne da tuni ana zaman makokinki."

"To ai ba a titi muke ba, Baban Auta. Danna mu sake."

Kwana biyar aka yi a haka. Kawu ya riƙa tambayarsa ko zai yi rajista a wajen Auta, darasi uku a sati. Maƙwabciya ta leƙo aron dutsen guga, matarsa ta ba ta labari tun daga bakin ƙofa. Malam ya ce rimot ɗinsa ne ke da matsala, aka musanya masa, bai canza zani ba. Ya ce fanka na kaɗa labule hasken taga na kashe masa ido, aka kashe fankar, kowa ya yi gumi, ya zo na bakwai.

Daga nan duk safiyar da suka tafi kasuwa sai ya rage sautin talabijin ya zauna shi kaɗai. Abin da ya fi ba shi haushi yatsansa ne: da ya hango kwana sai ya nemi birki da kansa. Sai da ya riƙa faɗa wa yatsan magana kamar yadda yake yi wa ɗalibi mai taurin kai.

Ranar da Kawu zai tafi aka yi tseren sallama da hantsi. Malam ya danna ja bai saki ba. Ya wuce matarsa, ya matse Kawu jikin bango, sai ga shi bayan Auta a kan gadar ƙarshe. Hanyar ba ta cin mota biyu. Ya cije leɓe ya daki bayan motarta, ta wuntsila cikin kogi, ya tsallake layin ƙarshe, ya zo na ɗaya.

Ya waiwaya yana jiran tafi. Auta ta ajiye rimot a kan darduma, sannan ta fashe da kuka.

"Haba Baban Auta," in ji matarsa. "Ka rasa wa za ka tura ruwa sai 'yar cikinka?"

"Kwana nawa tana tura ni? Ke kanki sau uku jiya."

"Mu ai ba malamai ba ne."

Kawu ya girgiza kai, wai shi abin ya ba shi tsoro, dole ya gargaɗi ɗaliban Malam. Aka yanke hukunci tseren bai ƙirgu ba, kuma sai Malam ya ba Auta haƙuri. Ya durƙusa da ƙugunsa mai ciwo ya ba ta. Ta ce ta yafe, amma ta fasa zama kusa da shi.

Da suka raka Kawu bakin titi, Malam ya lura babu kwali a hannunsa.

"Ka manta kayanka."

"Ban manta ba. Yaya ta ce in bar mata zuwa hutu na gaba."

Malam ya kalli matarsa. Ta ce tunda ya riga ya fito, ya biya kanti ya sayo batir, na rimot ɗinta ya fara sanyi.