Mayafi a Kan Hoton Ummu Mina

Fauziyya dai akwai zafin nama, ba ta iya naɗe hannu ta zauna a gidan rasuwa. Ita da mijinta Harun, ɗalibi a Azhar, suna haya ne a unguwar Hadayek el-Maadi, ƙofa da ƙofa da Ummu Mina, wata dattijuwa Kirista Kibɗawiya. Matar nan ce ta yi mata wankan jego lokacin da ta haihu babu uwa babu ƙanwar uwa a Masar. Shi ya sa da ɗan tsohuwar, Mina, ya rasu a hargitsin Wustul Balad, can tsakiyar birni, Fauziyya ta ƙudura sai ta rage mata zafin nan ko da ɗan kaɗan ne.

Ta shiga ta kama shara da wanke-wanke, kamar yadda ake yi a Zariya. Ummu Mina tana ɗaki, mata sanye da baƙaƙen kaya sun kewaye ta.

A falo ta ci karo da hoton. Kwafi ne na wani tsohon zanen coci, mai ɗaruruwan shekaru: wani waliyinsu ɗaure a kan ƙafar keken wuƙaƙe, an tsattsaga masa haƙarƙari, jini layi-layi, shi kuwa idonsa a sama. Tsigar jikinta ta tashi. Kai, jama'a! Uwar da aka farfasa wa ɗa, a bar mata wannan a gaban ido? Duk matan nan ba mai hankali ko ɗaya? Ta cire mayafinta ta lulluɓe hoton ruf, har tana jin ta yi abin kirki.

Can Ummu Mina ta fito riƙe da auduga da 'yar kwalbar mai. Ta tsaya cak.

"Wa ya rufe shi?"

"Ni ce, Mama," in ji Fauziyya da gurguwar Larabcinta. "Don kar ya riƙa tuna miki."

Tsohuwar ba ta ɗaga murya ba, da ma ta ɗaga da ya fi sauƙi. Ta janye mayafin a hankali, ta ɗiga mai a audugar, ta bi raunukan waliyin ɗaya bayan ɗaya tana shafawa, tana kiran sunan Mina.

Sannan ta juyo. "A lulluɓe suka nuna mini gawar Mina, 'yata. Suka riƙe mini hannu, wai ba zan iya gani ba. Ni da na haife shi! Nan kaɗai nake ganin inda ya ji ciwo."

Kunya ta rufe Fauziyya, ta ji kamar ƙasa ta tsage ta shige.

Ummu Mina ta miƙo mata audugar. "Zo ki taya ni. Hannuna ba ya kaiwa kafaɗarsa."